Rigar Malam Labbo a Tsakiyar Bazara

Cikin duk ranakun da na yi ina riƙe da almakashi, wadda ba ta taɓa fita raina ba ita ce ranar da Malam Labbo na Gulma ya shigo shagonmu a Birnin Kebbi sanye da riga biyu, bazara kuwa ta kai tsakiya. Ku da kuke koyon aikin nan yanzu kun sha tambayata dalilin da ya sa nake jan mutum bayan labule kafin in auna shi, har wasunku na cewa tsufa ne ya sa ni fi'ili. To yau zan gaya muku. Sunayen da za ku ji ba nasu ba ne, na sauya su, kuma in kun saurara har ƙarshe za ku gane dalili.

Lokacin ba a yanke jihar Kebbi ba, duk muna ƙarƙashin Sakkwato. Shagon na Alhaji Bawa ne, shi ne mai gida, shi ke karɓar baƙi ya kuma ba da shawarar yadi. Ni ne mai awo da yanka, wato na biyu gare shi. Bayana akwai masu keken ɗinki, sai masu aikin hannu da ke ɗinka adon wuya da ƙirji, su kuwa a gidajensu suke aiki, kai musu ake yi. Daga ƙarshe riga ta je wurin masu bugu, su sa mata ƙaro, su buge ta a kan gungume har ta yi ƙyalli ta tsaya da kanta. Yadda muke awo a wancan zamani, a tsakiyar shago ake tsayar da mutum, in ɗora tef, in faɗi awon da ƙarfi, mai keke ya rubuta da alli a gefen yadin. Kowa na ji. Har raha ake yi da shi, in an ji cikin wani ya ƙaru a ce amarya ta iya tuwo.

Bikin bazara yana da ƙa'idarsa a wurinmu. Duk wanda ya san zafin Argungu kafin ruwa ya sauka, ya san ba lokacin nuna shadda ba ne. Boyel muke ba mutane, ko farin yadi marar nauyi, a yi ado kaɗan a wuya, ba shafi mai kauri ta ciki, ba ƙaro. Shadda mai nauyi sai sanyi. In ango ya nace sai ita, mukan bar shi ya fita bakin shago ya tsaya a rana kaɗan da ita a kafaɗa, da kansa yake dawowa ya ce a ba shi boyel.

Malam Labbo masunci ne, abokin Alhaji Bawa tun suna yara, don Alhajin ma asalinsa mutumin Gulma ne. Giwan Ruwa ake ce masa, kuma sunan bai yi masa yawa ba. In ya tsaya a ƙofar shago, sai mai keke ya ɗaga kai don haske ya tare. A da, kowace Sallah ni nake yanka masa riga, sai na ƙara faɗi a kan na kowa. Ga shi ba ya ƙaunar tufa. Ya sha yi wa masu sa riga mai ƙaro dariya, ya ce sun shiga buhu sun ɗaure. Shi ya sa da na gan shi ranar da riga bisa riga, na ɗauka wasa ya zo yi mana.

Alhaji ya tashi yana dariya ya ce, "A'a, Giwan Ruwa! Kogi ya ƙahe na, kaz zo tudu?"

Ya ce, "Kogi na nan, Bawa. Malamin Gusau za a yi wa aure. An sa rana, Argungu za a ɗaura."

Malamin Gusau shi ne Bello, ɗansa na fari, wanda ke koyarwa a wata makarantar sakandare a can. Ku yaran yanzu ba ku san kunyar ɗan fari yadda take a da ba. Malam Labbo bai taɓa kiran sunan Bello ba. Ba su zama wuri ɗaya, ba su haɗa ido. In Bello ya zo gida, a bakin ƙofar ɗaki yake durƙusawa ya yi gaisuwa, uban na ciki ya amsa, shi ke nan. In akwai magana, sai a bi ta wurin ƙanen uban, ko ta wurin Alhaji Bawa. Ba ƙiyayya ba ce. Duk Gulma an san babu abin da Labbo ke ji da shi kamar yaron nan.

Aka yi barka, aka yi addu'a. Ni kuwa na jawo boyel kala-kala na baje masa a kan tebur. Ko taɓawa bai yi ba.

Ya ce, "Ɗebe wagga, Ummaru. Ba ni son abin da iska ka ɗauka. Kawo man shadda, wadda tah hi nauyi. A sa mata shahi, a kai ta bugu, a cika mata ƙaro."

Ni bakina bai iya zama ba, tun ina yaro haka nake. Na ce, "Baba, cikin watan ga? Mutum shi sa shadda mai ƙaro Argungu da rana tsaka, ai sai a kwashe shi."

Ya ce, "In anka kwashe ni, kai ka ɗauka? Ko ku huɗu ba ku iyawa."

Shago ya ɗauki dariya. Na ɗauko tef, na ce ya tsaya in sake awo, don an kwana biyu ban yi masa ɗinki ba. Na ɗora hannu a kafaɗarsa, bakina a buɗe zan faɗi awon kamar kullum. Hannuna ya nutse cikin rigunan nan biyu, sai na ji ƙashi. Kafaɗar da na sani kamar turmi, ta koma kamar sandar da aka rataya wa riga. Kafin in ce komai ya kama wuyan hannuna ya matse, ya ce a hankali, "Mu shiga ciki."

Akwai ɗan ɗaki a bayan shagon inda muke ajiye yadi. Muka shiga, Alhaji ya biyo mu ya tura ƙyaure. Malam Labbo ya cire rigunan ɗaya bayan ɗaya. Ba zan tsaya kwatanta muku ba. Ana iya ƙirga haƙarƙarinsa, zariyar wandonsa ta zagaye ƙugunsa ta yi rara. Fuskarsa ce kawai ba ta gama tona shi ba, saboda gemu. Alhaji Bawa ya zauna a kan bandir ɗin yadi kamar an ture shi.

Ya ce, "Labbo, tun yaushe?"

Ya ce, "Tun bara. Ciki na. Abinci ba ya zama. Na tahi asibiti Sakkwato, ni da ƙanena, ba wanda yas sani. Sun duba, sun ba ni magani, sunka ce in koma gida in huta. Bawa, ni ba yaro na ba, na san mi aka nuhi da hutu."

Alhaji ya ce, "Yaron ya sani?"

Ya ce, "Shi na dalilin zuwana. In malamin nan yaj ji, tada bukin za shi yi. Shi kwashi abin da yat tara, shi ɗauke ni sai Kaduna, a ce aure sai kaka. Ni da kaka kuwa ba mu gamuwa. So nikai in zamna ƙohwar gidan surukai nai awa yadda anka san ni, in ji an shahwa hwatiha da kunnena. Wuni guda ɗai nika biɗa. Kada wani shi dube ni shi ce wayyo."

Alhaji ya juyo gare ni ya ce, "Ummaru, kana iyawa?"

Abin da ya kamata ku sani shi ne babbar riga kafaɗa take so. Faɗinta ya wuce hannu, dole mai ita ya naɗe hannayen ya ɗora a kafaɗa. In kafaɗar ta cika, rigar ta zauna, mutum ya yi kwarjini. In babu kafaɗa, zamewa take yi, ka ga mutum yana ta ɗagawa, kuma nan take ido ke gane rama. Shadda da ƙaro kaɗai ba za su rufe Malam Labbo ba. Na gaya musu sai an yi masa 'yar shara mai ninki biyu, a shimfiɗa shiɓaɓɓiyar auduga a tsakani, a kafaɗa da ƙirji da baya, a bi ta da ɗinkin hannu don kada ta tattare. Sannan 'yar ciki ta hau, babbar riga ta hau.

Bayan ya tafi na tare Alhaji. Raina a ɓace yake, ban ɓoye ba. Na ce, "Alhaji, mutum marar lahiya, mu naɗe shi cikin auduga mu kai shi rana? Aikin ga na iya kashe shi."

Ya ce, "Abin da ka kashe shi na cikin cikinai, ba hannunka ba. Kai dai yi mai abin da yab biɗa, ka rage mai wahala inda kaka iyawa."

Ban ba masu keke 'yar sharar ba. Ni na ɗinka ta da hannuna a ɗakin yadi, ƙyaure a ture. Na sa yadi mai laushi ta ɓangaren da zai taɓa fata, na bar hammata a buɗe don iska ta samu hanya. Abu ɗaya na ci Malam Labbo a kai, shi ne launin babbar rigar. Shi shuɗi mai duhu ya so, na ce fari ko kuwa in ajiye almakashi, don duhu rana yake sha. Aka yi wa rigar aska biyu, adon nan mai kauri da ke sauka a ƙirji, ya ƙara mata tsayuwa. Alhaji ya ba da rawani daga cikin nasa, don a rufe wuya da kumatu.

Ana cikin aikin nan Bello ya iso daga Gusau. Ya biya Gulma ya yi gaisuwarsa ta bakin ƙofa, sannan ya zo wurinmu, don tun yana ƙarami a shagon ake masa ɗinki. Saurayi ne mai tsabta, marar hayaniya. Ya zaɓi boyel shuɗi mai haske, shi da abokansa, zaɓin da ko ni ne ango shi zan yi. Na auna shi, na ɗauko alli zan shata. Sai ya ce, idonsa na ƙasa, "Baba Alhaji, Tsoho ya zo?"

Alhaji ya ce ya zo.

"Mi yaz zaɓa?"

Babu yadda za a ƙi nuna masa. Alhaji ya miƙa masa ragowar shaddar. Bello ya murza ta tsakanin yatsunsa, ya daɗe yana murzawa. Can ya roƙi mu shiga ciki, ɗakin nan dai na yadi. Allah ya sa na riga na naɗe 'yar sharar na tura ƙarƙashin tebur.

Ya ce, "Baba Alhaji, ba ni tambayarka komi, don na san ba ka hwaɗi. Amma Tsoho da ko jamhwa ba ya bari jikinai in bazara ta yi, shi na za ya sa wagga? Kuma tun bara, kihin banda da aka aiko man Gusau, ɗaurin ba nashi na ba. Shi ɗauri biyu yaka yi, shi soke bakin igiya ta ƙasa. Tun ina yaro nika kwance ɗaurin nan. Da nig ga ya sake, na san ya bar shiga ruwa. Jiya da nig gaishe shi, muryar ma ba ta cika ɗaki ba."

Alhaji ya karɓi ragowar shaddar ya naɗe. Ni kuwa na kama bakina, karo na farko a rayuwata.

Bello ya ce, "Na yi niyyar in tada bukin ga."

Sai Alhaji ya ce, "Ɗana, ni tela na. Abin da anka ce in ɗinka shi nika ɗinkawa. Ubanka ya ce rigar ga ranar aurenka za shi sa ta, kuma ranar da anka sa yaka nuhi, ba wata ba."

Bello ya juya mana baya ya fuskanci bango. Muna ganin kafaɗunsa na motsi. Ban san tsawon lokacin da muka yi a tsaye ba, zufa na bin bayanmu, ba wanda ya motsa. Da ya juyo ya share fuska da hularsa, ya ce mini, "Malam Ummaru, mai da boyel ɗin ga. A yanka man irin tashi, hwara, mai ƙaro. Da ni da abokaina duka."

Na ce, "Malam Bello, ango da abokai cikin shadda mai ƙaro? Dahuwa za ku yi."

Ya ce, "In shi ɗai yas sa ta cikin zahin ga, kowa shi za ya duba, a ce mi yas samu Labbo. In mu duka munka sa, sai a ce gidan Labbo sun cika son a gani. Gara a ce haka." Ya kai bakin ƙofa, ya tsaya ya ƙara da cewa, "Don Allah kada shi ji na sani."

Haka muka wayi gari da amana biyu a shago ɗaya, ta uba kada ɗa ya ji, ta ɗa kada uba ya ji. Abokan ango kuwa da suka zo gwaji, ba irin mitar da ba su yi ba. Wani ya ce Bello ya je Gusau ya koyo mugunta, wani ya ce a sa masa aljihu babba ya zuba ƙanƙara. Bello ya yi ta dariya tare da su, ya ce yayi ne, su ƙauyawa ba su sani ba. Ni na san abin da dariyar ta ci masa.

Ranar ɗaurin aure Alhaji ya tura ni Argungu da sassafe da kayan, shi ya biyo baya. Malam Labbo ya sauka a gidan ƙanensa, wanda shi ne wakilin ango, kamar yadda aka saba, don uba ba ya karɓa wa ɗansa aure da bakinsa. Na shiga ɗaki na tura ƙyaure na shirya shi. 'Yar sharar ta hau, 'yar ciki ta hau, na ɗaga babbar rigar na zura masa. Na ga gwiwoyinsa sun ɗan lanƙwasa da nauyinta, sannan ya miƙe. Ya naɗe hannayen ya ɗora a kafaɗa, suka zauna daram. Na naɗa masa rawani na zagayo da shi ƙarƙashin haɓa.

Ya ce, "Ƙaƙa kag gani?"

Na ce, "Giwan Ruwa ya dawo, Baba."

Ya yi dariya, irin dariyarsa ta da, sannan ya nemi bakin gado ya zauna. Na ba shi ruwa, ya kurɓa kaɗan ya ajiye. Wallahi a lokacin ji na yi kamar in tuɓe masa kayan in gudu da su.

An kafa rumfa a ƙofar gidan iyayen amarya. Hantsi ya yi, iska ko ganye ba ta kaɗawa. Mutanen Argungu duk suna cikin boyel da jamfa suna fifita da mafici. Sai ga ango da abokansa sun tsaya daga baya, fari fat, riguna a tsaye ƙiƙam, zufa na zuba daga ƙarƙashin hulunansu. Wani dattijo ya ɗaga murya ya ce, "Mutanen Gulma, sanyi kuka ji yau?" Rumfa ta ɗauki dariya. Da Malam Labbo ya shigo, ba wanda ya yi mamakin shaddarsa. Maroƙi ya tare shi da kirari, yana cewa Giwan Ruwa ya cika rumfa, aka buɗe masa wuri a gaba. Ni na zauna dab da bayansa kamar mai gyara masa riga.

Ya ɗan juya kai, ya hango samarin. Ya daɗe yana kallonsu, abin da ban taɓa ganin ya yi ba in ɗansa na wuri. Ya ce mini ƙasa-ƙasa, "Wa yab ba su wagga shawara?"

Na ce, "Yayi na, Baba. Gusau haka samari ka yi yanzu."

Ya ce, "Yayi." Ya mai da kansa gaba, sannan ya ce, "To."

Har yau ban san iyakar abin da ya gane ba, kuma ban tambaya ba.

Liman ya ɗaura aure, aka shafa fatiha. Ya kai hannayensa fuska ya shafa. Jama'a suka taso yi masa barka, dole ya miƙe. Ya tsaya yana ba da hannu, yana amsa raha, yana mayar wa kowa da tasa. Zufa na ɗiga daga gemunsa, bakin rawanin ya jiƙe sharkaf. Ni idona na kan ƙafafunsa. Can na ga ya yi tangaɗi, hannun rigar ya zame daga kafaɗarsa ta hagu. Na yunƙura, amma an riga ni.

Ban ga lokacin da Bello ya ratso mutane ba. Ya kama hannun rigar kamar mai gyarawa, ya naɗe ya mayar kafaɗa, ya dafa. Yatsunsa suka nutse cikin auduga. Ina kallon fuskarsa. Ya san ubansa ba lafiya, amma bai san da wannan ba. Ya cije leɓe. Bai ɗauke hannun ba, sai ma ya zame shi zuwa bayan uban ya tallafe.

Malam Labbo bai dube shi ba. Ya kalli gaba ya ce, "Malam, rana ta yi."

Bello ya ce, "Ta yi, Baba."

Suka taka tare har zauren da ke kusa, kafaɗa da kafaɗa. Ba wanda ya taɓa ganinsu haka. Na ji wani a bayana yana cewa yaran boko sun zubar da kunya, ɗan fari ya rungumi uba a gaban jama'a. Aka yi dariya. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina bin su, don idona ya cika.

Bello ya kai shi bakin ƙofa ya juya, kamar yadda ya saba. Na tura ƙyaure na tuɓe masa kayan. 'Yar sharar ta sha zufa har ta yi nauyi, in an matsa ruwa zai fito. Ya kwanta a tabarma yana mayar da numfashi, ina yi masa fifita.

Ya ce, "An ɗaura?"

Na ce, "An ɗaura, Baba. Kun ji da kunnenku."

"Wani ya gane?"

Na ce, "Ko mutum guda."

Ya yi hamdala. Ya rufe ido, na ɗauka barci ya ɗauke shi. Sai na ji ya ce, "Malamin nan hannunai na da ƙarhi."

Daga Argungu ya koma Gulma ya shiga ɗaki, bai ƙara fitowa ba. Ruwan farko ya sauka, ana shirin shuka, Allah ya karɓi abinsa. Muka je ta'aziyya da Alhaji. Duk inda ka juya a zaure magana ɗaya ce, jiya-jiya muka gan shi a bikin ɗansa da ƙarfinsa, ya cika rumfa. Alhaji Bawa yana amsawa, ƙwarai kuwa, ƙwarai kuwa, hawaye na bin gemunsa.

Ba a daɗe ba Bello ya shigo shago da ƙunshi a hammata, ya wuce ɗakin yadi kai tsaye, na bi shi. Ya kwance, sai ga 'yar sharar. Ya ce za a rabar da tufafin Tsoho ga dangi da maƙwabta kamar yadda ake yi, babbar rigar ba damuwa, amma wannan ba ya so ta faɗa hannun kowa.

Ya ce, "Kai kaɗ ɗinka ta, kai za ka warware ta. Kada a ce Giwan Ruwa da auduga yac cika rumhwa."

Na ɗauko reza na bi ɗinkin da na yi da hannuna, zare bayan zare. Audugar ta bushe da zufa ta yi tauri, gishiri ya yi mata zane rawaya. Da na ɗago ta ba ta wargaje ba. Ta fito da siffar kafaɗa, ta dama da ta hagu, har da kwarmin da ƙashi ya zauna. Na ajiye su a kan tebur. Bello ya ɗauka, ɗaya a kowane hannu, yana jinjina nauyinsu.

Ya ce, "Ashe duk wanga na ciwon yac cinye, ni ina Gusau ina gyaran jarrabawa."

Na miƙa hannu. Na ce a ba ni in zubar. Ya girgiza kai. Ya ciro ƙyalle daga aljihu ya naɗe su, ya yi ɗauri biyu, ya soke bakin ta ƙasa, ya sa a cikin rigarsa ya fita.

Na yi shekaru masu yawa a aikin nan bayan wannan, na riƙe shago nawa, na yaye yara. Abin da na koya ranar shi ne mu masu awo muna taɓa abin da mutum ya ɓoye wa iyalinsa. Tef ba ya ƙarya, kuma ba kowane awo ne na kunnen jama'a ba. In mutum ya shigo muku cikin bazara ya ce shadda mai nauyi yake so, ku faɗa masa gaskiyar zafi sau ɗaya, don aikinku ne. In ya nace, kada ku yi masa ba'a irin wadda na yi wa Malam Labbo. Ku ja shi bayan labule, ku auna, ku rubuta da hannunku. Ni dai tun daga ranar da ya kama wuyan hannuna, ban ƙara faɗin awon kowa da ƙarfi ba.